Duƙushin da Aka Sace Yana Tsaye a Barga

Shekara goma sha tara Sufeto ya yi yana karɓar ƙarar sata, kuma duk masu kawo ƙarar abu ɗaya ya haɗa su: abin da aka sace ba ya nan. Sai wata Talata da hantsi, yana tsaka da fama da biron da ya ƙi rubutu, wata mata ta shigo ofishinsa da farar rigar aiki da takalmin roba duk taɓo, ta dire baƙar jaka a kan teburinsa ba tare da an ce ta dire ba.

"Yallaɓai, ƙarar sata na kawo. An sace duƙushi a gonar dawakin da nake wa aiki."

"Duƙushi?"

"Ɗan doki. Watansa bakwai."

"Yaushe aka neme shi aka rasa?"

"Ba a rasa shi ba. Yana tsaye a barga yanzu haka yana cin ciyawa."

Saje, wadda ke kusurwa tana jera fayil, ta saki wani tari da kowa ya san dariya ce aka shaƙe. Sufeto ya ajiye biron, ya gyara zama. Mutum ne mai haƙuri, amma haƙurin nasa na safe bai cika yawa ba.

"Malama, wanda ke tsaye yana cin ciyawar, shi aka sace?"

"Wanda ke tsaye ba shi ba ne. An ɗauke namu, an ajiye wani a wurinsa."

Likitar dabbobi ce, shekararta ɗaya da kama aiki a gonar. Duƙusai shida aka haifa a can bana, kuma kowane wata tana yi wa ƙafafunsu sikanin, irin hoton da ake yi wa mai juna biyu, don ta ga yadda jijiyoyinsu ke girma. Yau da safe ta zo aikinta na wata, na'urar ta nuna mata ƙafar da ba ta taɓa gani ba.

"Kuma ba satar ce ta fi damuna ba," in ji ta. "Wanda aka ɗauke yana da rauni a jijiyar ƙafar gaba ta hagu. Ido ba ya gani, ko ɗingishi ba ya yi. Amma in wanda ya ɗauke shi ya sa shi gudu, jijiyar yagewa za ta yi. Jinin tsere ne, Yallaɓai, don gudu aka haife shi. In ta yage, shi ke nan."

Sufeto ya dube ta. Ya sha ganin masu ƙarya da masu taɓin hankali, wannan kuwa tsoro kawai ya gani a fuskarta. Ya ɗauki hularsa.

Gonar tana bayan gari, tafiyar minti arba'in a mota. Barga ce doguwa mai ɗakuna goma sha biyu, kowanne da rabin ƙofa, ga warin dusa da fitsarin doki ya tarye su tun daga get. Sufeto dama ba ya shiri da duk dabbar da ta fi shi tsawo, don haka ya bi tsakiyar hanya sosai, hannayensa a aljihu.

Mai gonar, wadda kowa ke kira Hajiya, ta fito da tabarau a goshi da fushi a fuska.

"Sufeto, ka yi haƙuri an taso ka a banza. Yarinyar nan karatu ne ya yi mata yawa. Wannan Barkono ne, a gabana aka haife shi. Ja ne, ba ɗigon fari ko ɗaya a jikinsa. Ga shi nan ja, ba ɗigon fari ko ɗaya. Me kuma ake nema?"

"Me ya sa ake ce masa Barkono?"

"Jansa da zafin kansa. Ba ya bari baƙo ya taɓa shi."

Sufeto ya dubi duƙushin, wanda a lokacin yake tauna hannun rigar Saje cikin ladabi da biyayya.

"Yaye ne ya sanyaya masa jiki," in ji Hajiya tun kafin a tambaye ta. "Duk haka suke yi in an raba su da uwa."

Likita ta shiga ɗakin duƙushin. Ta durƙusa ta buɗe jakarta. Na'urar kamar ƙaramar kwamfuta take, da doguwar waya mai kai irin girman akwatin ashana. A bayan ƙafar duƙushin, daga ƙasan gwiwa zuwa idon sawu, an aske gashi siriri. Ta shafa wani mai mai kauri a wurin, ta ɗora kan na'urar. Fari da baƙi da toka-toka suka fara motsi a allon. Sufeto ya leƙa, bai ga komai ba sai irin abin da talabijin ke nunawa in eriya ta faɗi.

"Ka ga wannan mai haske, zagayayya?" in ji Likita. "Ita ce agara, babbar jijiyar da ke bayan ƙafa. Ta ƙarƙashinta kuma ita ke riƙe gaɓa don kada ta lanƙwashe ta taɓa ƙasa. Bari in juya kan na'urar a tsaye. Ka ga zare-zare a jere, ba wanda ya hau wani? Haka lafiyayya take."

Ta ciro hotuna bakwai daga fayil, ta jera su a kan wani buhun dusa.

"Tun yana kwana goma nake auna shi, a wuri uku, kowane wata. Kaurin agara ƙaruwa yake yi, domin jikin da take ɗauka yana ƙara nauyi. Yau na auna, ta fi ta watan jiya siranta. Jijiyar ɗan da ke girma ba ta komawa baya."

Ta ɗora yatsa a kan hoto na ƙarshe. A tsakiyar farin akwai wani baƙin ɗigo kamar ƙwayar shinkafa.

"Ga raunin Barkono. A wannan ƙafar babu shi, ko tabonsa babu. Jijiya ba fata ba ce. In ta warke, zaren wurin yakan zauna a hargitse wata da watanni. Ƙafar nan ba ta taɓa ciwo ba tun da aka haife ta."

"To ai abin murna ne!" in ji Hajiya. "Ya warke ke nan!"

Sufeto ya juyo ya dube ta.

"Wa ya san da raunin?"

"Ni da ita kawai," in ji Hajiya. "Ba na son surutun ma'aikata."

Sufeto ya sosa haɓa. Na'ura ta yi maganarta, amma shi ba ya jin yarenta, Hajiya ma haka. Yana bukatar shaidar da kowa zai gane.

"Yaushe aka yaye shi?"

"Yau kwana goma sha biyu."

"Uwar tana nan? A kawo min ita."

Aka kira shugaban barga, wani tsoho mai furfura da hannaye kamar itace, wanda ake ce wa Baba Mai Barga. Shekara talatin da huɗu ya yi a gonar, tun zamanin marigayi mijin Hajiya. Ya tafi, ya dawo riƙe da ragamar wata doguwar goɗiya. Sufeto ya ja da baya taku uku, yana yi kamar inuwa yake nema.

Goɗiyar ta hango jan abu a ɗakin, ta yi wata ƙaramar haniniya, ta ja Baba da ƙarfi har bakin ƙofa. Ta miƙa wuya ta shinshini duƙushin sau ɗaya. Nan take ta kwantar da kunnuwa, ta bubbuɗe haƙora, ta kai masa cizo. Da bai kauce ba, da ta cire masa kunne.

Hajiya ta lalubi bokitin da ke kife ta zauna a kai.

"Innalillahi. Kwana nawa ina shafa kan ɗan wasu?"

Tausayinta ya kama Sufeto, don ya ga ba asarar ce ta fi yi mata ciwo ba, kunya ce. Amma ya samu abin da yake so. Wanda ya yi aikin nan ya jira sai da aka raba ɗa da uwa, don ya san uwa ba za ta rufa masa asiri ba. Kuma Likita ta ce da ta zo da safe ta tarar har askin da take yi wa ƙafafun an kwaikwaya. Wannan ba ɓarawon tsallake katanga ba ne, ɗan gida ne.

Ya sami Baba a ɗakin abinci yana auna dusa. Saje ta buɗe littafinta.

"Baba, sannu da aiki. Kai ka karɓi haihuwar Barkono?"

"Ni ne, Yallaɓai. Ni da ɗana muka jawo shi, ƙafa ɗaya ta lanƙwashe a ciki."

"Kai kake ba shi abinci kullum?"

"Safe da yamma."

"Kuma ba ka ga wani canji ba?"

"Ido ya tsufa, ɗana. Ja na bari, ja na tarar."

"Makullin ƙofar baya, ta wajen makiyaya, yana hannun wa?"

"Yana hannuna. Ban ba kowa ba."

Ya amsa komai a natse, amma mudun da ke hannunsa ya cika yana zuba, shi kuwa sai ƙara masa dusa yake yi.

Da suka fito, Saje ta ce, "Yallaɓai, tsohon nan ko dai ba ya gani, ko kuma ba ya son gani."

"Yana gani sarai. Ɗazu da ya bi ta barga, kin ji shi? Kowane doki sai da ya kira sunansa, har da zolaya. Da ya zo ƙofar wannan, cewa ya yi, 'Matsa, kai.' Mutumin da ya jawo ɗa daga cikin uwarsa ba ya ce masa 'kai'."

"Mu tafi da shi?"

"In mun tafi da shi, bakinsa zai ƙara rufewa. Duƙushin nake nema, Saje, da ƙafarsa lafiya."

Suka koma ɗakin baƙon duƙushin. Sufeto ya yi ta maza ya shiga ciki, tunda wannan dai bai kai shi tsawo ba. Ya dube shi daga kunne har wutsiya. Ƙoshi ya ƙoshi, gashi yana sheƙi, ba alamar bulala ko ta igiya. Da ya zo ƙasa sai ya tsaya.

"Likita, ɗaga min ƙafar nan."

Ta ɗaga. Gefen kofaton a goge yake tsaf, ga sawun magagari layi-layi a jiki. Mahaifin Sufeto kafinta ne, kuma shi kansa ya sha ranƙwashi a kan riƙon magagari kafin ya gudu ya shiga aikin ɗan sanda. Ya bi layin da farce.

"Wannan sawun daga hagu ya gangaro. Wanda ya goge kofaton nan da hannun hagu yake aiki. Wa ke yi muku gyaran kofato?"

Likita ta saki ƙafar a hankali.

"Bahago," in ji ta. "Ɗan Baba ne."

Saje ta sake yin tarin nan nata.

Suka duba sauran duƙusai biyar. Kofatansu sun tofo, sawun magagari ya shafe, domin rabon Bahago da gonar tun ranar sikanin watan jiya, sati biyar ke nan. Na baƙon kuwa bai wuce sati biyu ba. Sufeto ya karɓi lambarsa a wurin Hajiya ya kira.

"Salamu alaikum. Bahago? Sufeton 'yan sanda ne, daga gonar Hajiya. Yaushe rabonka da nan?"

"Sati biyar, Yallaɓai. Aiki ya yi min yawa a wasu gonakin."

"Kana yawo gona-gona. Ka taɓa cin karo da wani jan duƙushi mai kama da Barkono?"

Bahago ya yi gyaran murya.

"Ban taɓa ba, Yallaɓai."

"To madalla. Sai na neme ka."

Ya kashe wayar. Ƙarya ce, kuma ba ta gwani ba. Mutumin ya ce bai taɓa ganin dabbar ba, alhali ga hannunsa a ƙafafunta huɗu.

Amma wani abu ya tsaya wa Sufeto a rai. Ya zauna a kan benci a bakin barga yana juya shi. Mai gyaran kofato ya san ƙafar doki fiye da kowa in ban da likita. Ga duƙusai shida a jere, me zai sa ya zaɓi mai rauni? Kuma wane irin ɓarawo ne zai bar lafiyayye a madadinsa, a ƙoshe, a goge, har da gyaran kofato kamar mai kai 'yarsa makarantar kwana? Sai maganar Hajiya ta ɗazu ta faɗo masa: ya warke ke nan. Wataƙila abin da aka so a ce ke nan. Wataƙila ba doki aka zo sacewa ba, sakamakon sikanin aka zo canzawa.

Ya miƙe. Ya tara Hajiya da Likita da Baba a ƙofar ɗakin.

"Ranar sikanin watan jiya, a ina kika gaya wa Hajiya maganar raunin?"

"Nan, cikin ɗakin nan," in ji Likita.

"Bahago yana ina?"

Ta yi tunani. "Yana ɗaki na gaba. Ina jin ƙarar magagarinsa."

Sufeto ya dafa bangon da ke tsakanin ɗakunan. Iyakarsa ƙirji.

"To maimaita min abin da kika ce. Ba ma'anarsa nake so ba, kalmomin nake so, yadda suka fito daga bakinki."

"Na ce, 'Hajiya, akwai matsala a agarar nan. Kada a gaya wa kowa tukuna. Zan sake dubawa wata mai zuwa. In ban ga canji ba, sai dai a kwantar da shi.'"

Baba ya sunkuyar da kai.

"A kwantar da shi a ina?" in ji Sufeto.

"A asibitinmu mana. Muna da ƙaramin ɗaki da ba ya iya tsalle a ciki. A ɗaure ƙafar, ya huta wata uku, ya fito garau."

Baba ya ɗago. Fuskarsa ta canza gaba ɗaya.

"Likita... asibiti? Ba allura ba?"

"Wace allura, Baba?"

"'Yata, a barga ba a cewa an kashe doki. Baki ba ya iya faɗa. In ƙafa ta karye aka kira likita ya yi masa allurar ƙarshe, cewa muke yi an kwantar da shi. Tun ina yaro haka na taras ana faɗa. Doki ai ba ya kwanciya a gado."

Likita ta dafe baki. Mahaifiyarta nas ce, ta tashi a gidan da kullum ake cewa an kwantar da wane, an sallami wance. Ba wanda ya taɓa gaya mata kalmar tana da wata fuska a nan, kuma a shekara ɗayan da ta yi ba a rasa doki ko ɗaya ba balle ta ji. Hajiya ma, da ta gaji gonar ba ta gaji bargar ba, asibiti ta fahimta.

"Yaron ya zo min yana kuka," in ji Baba. "Mutum mai 'ya'ya uku, yana kuka. Ya ce za a kashe Barkono. Ni na ba shi makullin, da rana tsaka, kowa ya tafi cin abinci. Yallaɓai, na yi maka ƙarya, a gafarce ni."

"Yana ina yanzu?"

"A gidansa, bayan kogi." Tsohon ya ɗaga kai ya dubi rana, sai ya kama hannun Sufeto da ƙarfi. "Mu yi sauri. Kullum da la'asar yana sa shi sassarfa a rairayi. Wai don ƙafar ta yi ƙwari."

Suka faɗa mota har da Baba. Likita ta rungume jakarta a ƙirji. Saje tana tuƙi kamar ba 'yar sanda ba.

Gidan Bahago ƙarami ne, da rumfar kwano a gefe, wata tsohuwar goɗiya tana ɗaure a turke. A bayan gidan akwai fili mai rairayi, kuma a tsakiyarsa wani ƙaƙƙarfan mutum ne riƙe da doguwar igiya a hannun hagu. A ƙarshen igiyar, jan duƙushi yana zagaya shi a guje, kai a sama, wutsiya a tashe. Ko Sufeto da bai san doki ba sai da ya ga bambanci. Wannan ƙasa ma kamar ba ta isa ya taka ta ba.

"Tsayar da shi!" Likita ta ƙwala ihu tun motar ba ta gama tsayawa ba. "Don Allah tsayar da shi!"

Bahago ya tattaro igiyar, ya shiga tsakaninsu da duƙushin ya buɗe hannuwa.

"Ba za ku taɓa shi ba. Ku kama ni, amma ba za a yi masa allura ba."

"Ba allura ba ce, ɗana," in ji Baba. "Asibiti take nufi. Hutu. Irin kwantarwar mutane take nufi. Mu ne ba mu gane ba."

Bahago ya dubi mahaifinsa, ya dubi Likita. Hannuwansa suka sauka a hankali.

Shi da kansa ya riƙe kan Barkono a ƙarƙashin rumfa, don ba wanda duƙushin zai tsaya wa sai shi. Likita ta shafa bayan ƙafar, ta ji ɗumi da ɗan kumburi. Ta kunna kilifa ta aske, ta shafa mai, ta ɗora kan na'urar. Wannan karon Sufeto bai bukaci bayani ba. Ƙwayar shinkafar nan ta zama baƙin rami, ya ci fiye da rabin farin. Da ta juya kan na'urar a tsaye, zaren sun tsinke suna lilo a cikin baƙin.

Sufeto ya buɗe littafinsa, don aiki aiki ne, ko da zuciyarsa ba ta so.

"Bahago, kai ka ɗauke shi daga gonar Hajiya?"

"Ni ne, Yallaɓai."

"Wanda ka ajiye a can fa?"

"Nawa ne. Ɗan goɗiyar can ne, shi kaɗai gare ni. Sati uku Barkono ya girme shi."

"Ka ɗauka kashe Barkono za a yi, sai ka kai naka a kashe?"

"A'a. Cewa na yi in Likita ta sake dubawa za ta ga ƙafa lafiya lau, ta ce ya warke, a bar maganar. Nawa ya samu gida mai kyau, wannan ya tsira da ransa. Ban san na'urar tana gane su ɗaya-ɗaya ba. Na ɗauka ciwo kawai take gani."

"Gudun fa?"

"Ba ya ɗingishi, Yallaɓai. Na ce in na ƙarfafa ƙafar, wata rana in mayar da shi, in ce wa Hajiya ga dokin da aka so a kashe." Ya shafa wuyan duƙushin. "Kwana goma muna yi. Shekaranjiya na ga yana ɗan ɗaga ƙafar in ya tsaya, na ce gajiya ce."

Ya juya wurin Likita, wadda ke naɗe ƙafar da bandeji, hawaye na ɗiga a kan hannunta.

"Likita, ki gaya min da Hausar da zan gane."

Ta ɗauki lokaci tana zaɓen kalmomi.

"Zai rayu. Ba wanda zai yi masa allura. Bayan shekara zai yi tafiya, yara ma za su iya hawansa. Tsere ne ba zai taɓa yi ba."

"Da na bar shi a barga fa?"

Ta so ta yi shiru. Sufeto ma ya so ta yi shiru. Amma mutumin ya tsare ta da ido.

"Da ya warke," in ji ta.

Bahago ya jingina goshinsa a wuyan duƙushin, ya daɗe a haka. Barkono, mai zafin kan da ba ya bari a taɓa shi, ya tsaya cak bai motsa ba.

Hajiya ta iso a motarta, bayanta motar ɗaukar dawaki. Ta ji bayani a tsaye, ta dubi allon, ta dubi Baba da ya yi wa gidanta shekara talatin da huɗu.

"Da ɗayanku ya buɗe baki ya tambaye ni," in ji ta. "Tambaya ɗaya." Ta koma mota ta rufe ƙofa.

Sufeto ya rufe littafinsa. Ya sha kama mutane, wasu har da jin daɗi, amma wannan kamun ya yi masa ɗaci.

"Bahago, dole mu tafi ofis. Ka ɗauki abin da ba naka ba, ka kuma yi wa hukuma ƙarya. Sauran kuma tsakaninka da Hajiya da alƙali. Baba, kai ma gobe da safe ka zo ka ba da bayani."

Saje ta ciro ankwa. Sufeto ya girgiza mata kai, ta mayar.

"Yallaɓai, alfarma ɗaya," in ji Bahago. "Ba zai hau motar nan da kowa ba. Zai yi tsalle, ƙafar ta ƙarasa. A bar ni in shigar da shi."

Sufeto ya matsa gefe.

Bahago ya kama ragamar, ya ja duƙushin taku ɗaya-ɗaya, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, yana tsayawa duk inda ya tsaya, har suka hau. Ya ɗaure shi, ya gwada ƙullin sau biyu, ya sauko ya miƙa wa mahaifinsa doguwar igiyar. Sannan ya taka da ƙafarsa zuwa motar 'yan sanda, ya buɗe ƙofar baya ya shiga.